Littafin Ma'aji

Ni ne ma'aji. Ni ke riƙe da littafin ƙungiya,
mai baƙin bango, da maiƙon inji a gefen shafi.
Shekara goma sha ɗaya a Panteka
ina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.
Abin da ke tafe kuwa ba ni da layinsa.
Wannan aikin Barau ne.

Ranar da kuɗin ƙofofin makarantu suka faɗo
mu arba'in da bakwai muka cika rumfa,
kowa ya riga ya kashe rabonsa a zuci:
Ilu zai sake rufin ɗaki a Rigasa,
Bulus na da 'ya a ajin ƙarshe,
ni kuwa babur nake gani har cikin barci.

Barau ya miƙe, ya goge hannu a riga.
Ya ce, kashi ɗaya za a raba, biyu su zauna.
Rumfa ta ɗau zafi.
Ya bari muka gama. Halinsa ke nan,
ba ya dukan ƙarfe sai ya yi ja.

Ya ce, ubana ya shekara ashirin a masaƙar Kakuri,
yana jin ƙarar inji yana cewa lafiya lau,
har safiyar da ya tarar da kwaɗo a ƙofa.
Ba ranar nan masaƙa ta mutu ba.
Kasuwa ta daɗe da tashi,
ba dai wanda ya leƙa taga.

Ya ce, ƙofa kowa na yi,
ga ta waje na zuwa a kwantena, da fenti, da arha.
Amma manomin Saminaka
har yau da sanda yake bugun masara.
Can za mu.

Ya sayi injin yanka, ya shimfiɗa sola a kan rufi,
ya tura yara uku koyon zane,
cikinsu har da Ladidi, 'yar mai shayi,
abin da ya sa wasu suka daina gaishe shi.
Wani ɗan kwangila ya zo da aikin tagogi ɗari biyu,
Barau ya ba shi kujera, ya ba shi ruwa,
ya ce masa a'a.
Daren nan ban yi barci ba don haushi.

Injin casarmu na farko ya farfasa ƙwaya.
Na biyu ya ci bel uku a mako.
Na rubuta asarar da jan biro, har ina dannawa.

Zaɓe ya zo. Ashirin da biyar da ashirin da biyu.
Tawa ƙuri'ar na cikin ashirin da biyar ɗin,
gara in faɗa da bakina.
Ya miƙa wa Tanimu makullai
da wata takarda mai ninki huɗu:
sunayen manoma, watan da kowa ke girbi,
da inda ake samun bel mai ƙwari a Kano.
Ashe shekara biyu yana zaunar da Tanimu gefensa,
mu muna zaton aike yake yi masa.

Damina uku ke nan.
Layin masu ƙofa ya yi tsit, sai rediyo.
Mu kuwa motoci na zuwa daga Lere da Soba,
Ladidi ke auna musu da allo a hannu.

Barau na can lungunsa yana walda.
Na jira ya ce, ai na gaya muku.
Bai ce ba. Jiya ma gilashin ido ya tambaye ni
ko na san mai gyara.

Na sayi babur ɗin, bara.
Nakan kashe shi in tura in zan wuce rumfarsa.

Yau na ja sabon layi a littafi, can gefen dama.
Ban san sunan da zan sa masa ba tukuna.
Da fensir nake rubutu a ciki.